Bilbo da Dodon Dutse: Abin da Ke Jan Yara Zuwa ga Littafin The Hobbit

Yau za mu leƙa ƙasar Ingila, mu duba wani littafin labari da aka rubuta domin yara, wanda ya fito ranar 21 ga Satumba, 1937. Sunansa The Hobbit, marubucinsa kuwa J.R.R. Tolkin. Shekara tamanin da ɗoriya ke nan ana buga shi, an fassara shi cikin harsuna masu yawa, kuma har gobe za ka ga yaro ya rungume shi ya manta da abincin da aka ajiye masa. Me yaro yake gani a ciki? Abin da nake so mu tattauna ke nan, musamman da iyaye da malamai, waɗanda sukan tsaya su yi tunani kafin su miƙa wa yaro littafin da ke cike da dodanni.

Shi Tolkin an haife shi a 1892 a garin Bulumfonten na Afirka ta Kudu, inda mahaifinsa yake aikin banki. Uban ya rasu yana ɗan shekara 4, uwar ta rene shi a yankin Bamingham, ita ma ta rasu yana ɗan shekara 12. Ya tashi maraya. Ya je Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana cikin gumurzun kogin Som a Faransa a 1916, kuma biyu daga cikin aminansa na makaranta can suka kwanta dama. Daga 1925 ya zama farfesan tsohon Turanci a Jami'ar Oksfod. Yana da 'ya'ya huɗu, albashi kuma ba ya isa, don haka yakan karɓi aikin duba takardun jarrabawa lokacin hutu. Wata rana yana cikin dubawa sai ya ci karo da shafin da wani ɗalibi ya bari ba rubutu. A kan wannan shafi ya rubuta jimlar farko ta littafin, alhali a lokacin bai san inda labarin zai dosa ba.

Sauran labarin a gaban 'ya'yansa ya girma. Da maraice, lokacin sanyi, yakan tara su ya karanta musu. Ɗansa Kiristofa, wanda yake ƙarami sosai a lokacin, ya ba da labarin yadda yakan katse mahaifin ya ce ai rannan wani launi ka ce ƙofar gidan take da shi, yau kuma ka canza. Dole uban ya tashi ya je ya rubuta don kada ya sake kuskurewa. Ku riƙe wannan, domin shi ne sirri na farko. Littafin ya bi ta kunnen yara kafin ya shiga injin bugawa. Duk inda labari ya yi sanyi, fuskar yaro ba ta ɓoyewa.

Ko da rubutun ya isa kamfanin Allen & Unwin a Landan, yaro ne ya yanke masa hukunci. Mai kamfanin, Stanli Anwin, yana ganin ba wanda ya fi yaro sanin littafin yara, sai ya ba ɗansa Raina, mai shekara 10, ya karanta ya rubuta rahoto, ladansa sule ɗaya. Yaron ya yaba, aka buga kofi 1,500, kafin ƙarshen Disamba sun ƙare.

To, mene ne a ciki? Hobit wata halitta ce da Tolkin ya ƙago: mutane ne gajeru, kamar rabin tsawonmu, ba sa sa takalmi saboda tafin ƙafarsu na da kauri, bayanta kuma gashi ne. Suna son abinci, suna son zaman lafiya, ba sa son abin da zai fitar da su daga garinsu. Gwarzon labarin, Bilbo Bagins, ɗan shekara 50 ne, yana zaune a gidansa mai kyau da aka haƙa a jikin tudu, rumbunsa cike. Rana ɗaya sai wani tsoho hatsabibi mai suna Gandalf ya turo masa wadanni goma sha uku. Suka cika masa gida, suka cinye abin da ya tanada, sannan suka bayyana abin da ya kawo su. Kakanninsu na da masarauta a cikin wani dutse mai nisa, wani dodon maciji mai fukafukai, mai feshin wuta, sunansa Simog, ya kashe mutanensu ya kwanta a kan dukiyarsu. Za su je su ƙwato, kuma suna neman mai iya saɗaɗawa ya shiga inda ba a shiga. Har takardar yarjejeniya suka bar masa: kashi ɗaya cikin sha huɗu na riba nasa ne, kuma in ya mutu a hanya, kuɗin jana'izarsa a wuyansu.

Da ya ji ana zancen ƙila ba za a dawo ba, Bilbo ya kurma ihu ya zube a ƙasa. Washegari kuma sai ga shi yana gudu a kan hanya don ya cim musu, ba hula, ba kuɗi, ko hankici bai ɗauka ba.

A nan nake so mu daɗe, domin a ganina nan ne zuciyar maganar. Yawancin labaran jarumta suna ba yaro gwarzon da zai ɗaga kai ya kalla: ƙato, mai ƙarfi, wanda ƙarfe ba ya kama shi. Yaro yana sha'awar irin wannan, amma ya san ba shi ba ne. Bilbo kuwa tsawonsu ɗaya da mai karatun. Shi ne ƙarami a cikin ayari. Manya suna magana a kansa kamar ba ya wurin, suna shakkar ko zai yi wani amfani, wani lokaci har goya shi ake yi idan gudu ya tashi. Yana jin yunwa, yana jin sanyi, kuma a kai a kai yana tuna kujerarsa da butar shayinsa yana cewa ina ma yana gida. Wane yaro ne bai san wannan hali ba? Wanda aka kai makarantar kwana ya san shi. Wanda aka aika da dare ya bi ta lungu mai duhu ya san shi. Yaro yana karantawa yana cewa a ransa, wannan irina ne, bari in ga yadda zai yi.

Kuma marubucin bai yi gaggawar mayar da shi jarumi ba. Karonsa na farko, da wasu ƙattai uku masu cin mutane, kwaɓa ya yi: ya je zai zare wa ɗayansu jakar kuɗi aka cafke shi, aka bi wadannin ɗaya bayan ɗaya aka cusa a buhu. Gandalf ne ya cece su, ya ɓuya yana kwaikwayon muryoyin ƙattan, ya haɗa su gardama a kan yadda za su dafa naman, har gari ya waye rana ta taɓa su suka zama duwatsu. Yara suna dariya ƙwarai a nan. Amma sannu a hankali marubucin yana janye masu ceto. A bakin wani ƙungurmin daji Gandalf ya yi musu sallama ya tafi wata sabgar. Daga nan in Bilbo bai yi ba, ba mai yi.

Bari in kai ku wuri biyu a cikin littafin, ku gani da idon zuci.

Na farko a ƙarƙashin duwatsu ne. Bilbo ya ɓace wa abokan tafiyarsa, ya farka cikin duhun da ko tafin hannunsa ba ya gani. Yana lalube sai hannunsa ya taɓa wani zobe mai sanyi, ya jefa a aljihu bai ba shi muhimmanci ba. Ya gangara har bakin wani tabki, inda wata halitta ramammiya mai manyan idanu, Golum, take zaune ita kaɗai tun shekaru aru-aru, tana cin ɗanyen kifi tana magana da kanta. Suka ƙulla wasan kacici-kacici. In Bilbo ya ci, a nuna masa hanyar fita. In ya faɗi, a cinye shi. Duk ɗan da ya tashi yana jin ƙulin-ƙulifita a dandali ya san daɗin wannan wasa, sai dai a nan ba gari ake bayarwa ba, rai ne. Mai karatu yakan rufe shafin da hannu ya gwada cankar amsar kafin Bilbo. Akwai wadda amsarta ƙwai ce, akwai ta iska, akwai ta duhu. Akwai wadda ta kusa halaka shi: ya rasa amsa, Golum ya fara fitowa daga kwalekwalensa, Bilbo ya buɗe baki zai roƙi a ƙara masa lokaci, tsoro ya sarƙe harshensa, kalmar lokaci kaɗai ta fito, ashe ita ce amsar.

Abin da ya biyo baya ya fi wasan nauyi. Bilbo ya gano zoben nan yana ɓatar da mutum daga gani, kamar layar zana. Golum ya je ya tsugunna a bakin hanyar fita ya tare. Bilbo yana bayansa, ba a ganinsa, takobi a hannu. Sara ɗaya ya isa. Sai ya dubi halittar nan, ba makami, ba ɗan'uwa, ba hasken rana, ya ji tausayi ya kama shi. Ya tattara ƙarfinsa ya yi tsalle ta kansa ya wuce. Wannan siffar babin a bugu na biyu ta zo, na 1951, bayan Tolkin ya sake rubuta shi, kuma ita ce ke hannun masu karatu a yau. Ban san wata hanya da ta fi wannan koya wa yaro cewa samun iko a kan wani ba izinin cutar da shi ba ne. Ba a tsaya an yi masa wa'azi ba. An sa shi a cikin duhun, an ba shi takobin, ya ji yadda hannu ke ƙaiƙayi, sannan ya ga an mayar da shi kube.

Wuri na biyu shi ne ramin da ke gangarawa zuwa makwancin dodon. Bayan sun tsira daga manyan gizo-gizo, bayan Bilbo ya fitar da wadannin daga kurkukun sarkin daji ta hanyar cusa su cikin gangunan katako ya tura su kogi, sun iso dutsen, sun buɗe ɓoyayyiyar ƙofa. Wa zai shiga? Duk suka dubi Bilbo. Wada ɗaya, Balin, ya raka shi ɗan nesa kaɗan ya tsaya. Bilbo ya ci gaba shi kaɗai. Ramin ya fara ɗumi. Can gaba wani jan haske ya bayyana, gumi ya karyo masa, sai kuma wani gurnani mai girgiza ƙasa, minsharin dodon. Ya tsaya cik. Marubucin ya nuna cewa ɗaga ƙafar da ya yi daga wannan wuri ya fi duk abin da ya yi a rayuwarsa jarumta, tun bai ga dodon ba. Ba wanda ke kallonsa, da ya juya ya ce ƙofa a toshe take, ba mai ƙaryata shi. Yaro yana gane wannan sarai, domin yawancin yaƙe-yaƙen yaro a irin wannan wuri ake yin su: a bakin ƙofar aji, ko a gaban uba lokacin da za a faɗi gaskiyar wanda ya fasa abu.

Wani abin da ke ba littafin ƙamshi shi ne tsufan kayan da aka gina shi da su. Tolkin masanin tsofaffin waƙoƙin Turawan arewa ne. Dodon da ke kwance a kan zinariya, wanda satar kofi ɗaya ta tayar da fushinsa, daga tsohuwar waƙar Beyowulf ya samo shi, waƙar da ya shafe shekaru yana koyarwa. Sunayen wadannin, har da na Gandalf, daga wata tsohuwar waƙar mutanen Aisland ya tsamo su. Ya zana taswira da hannunsa, ya sa rubutun sirri a jiki, har yara kan zauna su warware haruffan. Saboda haka mai karatu yana jin kamar bayan kowane tudu akwai wani tarihin da ba a faɗa masa ba. Mu ma mun san wannan gwaninta. A daidai wannan zamani Abubakar Imam yana Zariya yana ɗebo labarai daga Alfu Laila da wasu taskokin duniya yana yi musu riga da wando na Hausa a Magana Jari Ce. Kafin nan, a gasar 1933, ya rubuta Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam ya bar gida ya shiga duniya neman ruwan magani. Wanda ya taɓa raba dare yana bin Alhaji da Malam Zurƙe gari-gari ya riga ya san abin da ke hana ɗan Ingila barci a kan Bilbo.

Yanzu ga inda littafin ya fi ba ni sha'awa. Yaro yana zaton da an kashe dodo labari ya ƙare. Ba Bilbo ne ma ya kashe shi ba. Shi dai ya hango wani ɗan wuri a ƙirjin dodon ta hagu inda ba sulke, wani tsuntsu ya kai labari, wani maharbi mai suna Bard na Garin Tabki ya sa kibiya a wurin, bayan dodon ya ƙone garin. Sai fitina ta gaskiya ta tashi. Torin, shugaban wadannin, mutum mai daraja wanda muka biyo tun farko, ya ga zinariya zuciyarsa ta ƙeƙashe. Mutanen da gidajensu suka ƙone, waɗanda suka ba shi masauki da guzuri lokacin da ba shi da komai, suka zo neman haƙƙinsu, ya gina katanga ya ce ba zai yi magana da masu makami a ƙofarsa ba. Yaƙi ya kusa ɓarkewa tsakanin mutanen da ya kamata su zama abokai.

Bilbo yana riƙe da wani lu'ulu'u da Torin yake nema ruwa a jallo, gadon kakanninsa. Da dare ya sulale ya kai wa ɗaya ɓangaren, don su yi ciniki da shi a samu sulhu, ya ce a ɗauke shi a matsayin kasonsa. Wato ya sadaukar da ladan wahalarsa duka. Suka ce ya zauna wurinsu, Torin ba zai bar shi ba. Ya ce a'a, ya koma cikin abokansa, kuma da aka tambaya ya ce shi ne ya yi. Torin ya ɗaga shi sama zai jefa shi ƙasan dutse, da ƙyar aka hana. A nan za ka ga yara sun rabu biyu, wasu su ce ya ci amana, wasu su ce ya kyauta. Ku bar su su yi gardamar. Malamin da ya tsayar da karatu a wannan wuri ya tambayi aji ra'ayinsu zai ji maganganun da bai zaci suna cikin kawunan ɗalibansa ba.

Yaƙi dai an yi shi, na runduna biyar, da miyagun halittun kogo suka kawo hari kowa ya haɗa kai. Amma marubucin da ya ga Som da idonsa bai yi wa yaƙi kirari ba. Dutse ya bugi Bilbo a ka ya suma, sai bayan ƙura ta lafa aka ba shi labari. Ya tarar da Torin kwance da raunuka, Torin ya nemi gafararsa, suka rabu da alheri, ya cika. 'Ya'yan 'yar'uwarsa biyu, Fili da Kili, mafiya ƙuruciya a ayarin, sun mutu suna kare shi. Bilbo ya koma gefe ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Littafin bai ɓoye wa yaro cewa mutanen da muke so suna mutuwa ba, kuma yara suna girmama littafin da ya ɗauke su da wannan daraja.

Na san akwai iyayen da za su ce, Malam, ai duk wannan ƙarya ce, me zai hana yaro ya karanta abin da zai amfane shi? Ina ganin girman wannan damuwa. Amma kakanninmu da suka yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo ba maƙaryata ba ne, kuma ba wanda ya girma yana jiran ya haɗu da Gizo a kasuwa. Yaro ya san iyakar labari. Abin da yake ɗauka ya fita da shi shi ne halayen da ya gani an gwada a cikin wuta. Game da sihirin da ke ciki kuwa, gaskiya akwai shi, ko da yake ba yawa, kuma ba a koyar da shi. Uba ko uwa su zauna da yaro su bambance masa ƙagen marubuci da abin da muka yi imani da shi. Wannan hirar ma riba ce.

Akwai kuma inda littafin ya gaza, kuma ya kamata a faɗa. Daga farko har ƙarshe ba mace ko ɗaya da ta fito ta yi magana, sunan mahaifiyar Bilbo kawai aka ambata. 'Ya'yanmu mata suna lura da haka, suna kuma da gaskiya in sun tambaya. Mutanen cikinsa suna zuƙar lofe suna shan giya, al'adar inda aka rubuta shi ke nan, sai a yi wa yaro bayani. Turancinsa kuma yana da ɗan tauri ga wanda bai yi nisa ba.

Maganin wannan na ƙarshe yana cikin asalin littafin. Da baki aka fara shi, da baki ya fi daɗi. Babi 19 ne, kusan kowanne da nasa abin mamaki, don haka babi ɗaya a dare ya isa. Yaya ko anti da ke sakandare ta karanta, ta riƙa juya wa ƙanne da Hausa, ta canza murya in ta zo kan Golum, ta tsaya daidai inda rai ya fi tashi ta ce sai gobe. Akwai finafinai uku da Pita Jakson ya yi a kan littafin tsakanin 2012 da 2014, amma an ƙara musu faɗa da abubuwan da ba su cikin asali, sun kuma yi wa ƙananan yara nauyi. Shawarata a fara da littafin, yaro ya ƙera dodonsa a kansa tukuna.

Shi kuwa Bilbo, da aka ce ya ɗebi dukiya, ƙananan akwatuna biyu kawai ya karɓa, ɗaya azurfa ɗaya zinariya, daidai abin da ɗan dokinsa zai iya ɗauka. Ya iso gida bayan fiye da shekara ya tarar ana gwanjon kayansa, an ɗauka ya mutu, wasu dangi har sun fara auna ɗakuna. Dole ya sayi wasu kayan nasa da kuɗinsa, cokulansa na azurfa kuwa ba su dawo ba. Maƙwabta suka daina ganinsa a matsayin mutumin kirki mai natsuwa, sai yaran dangi ne suke zuwa wurinsa. Masu karatu suka matsa a ci gaba, kamfani ya roƙi Tolkin, shi kuma ya ɗauko zoben nan na aljihun Bilbo ya gina The Lord of the Rings a kansa, wanda bai fito ba sai 1954 da 1955. Wannan ya fi tsawo, ya fi duhu, a ajiye wa yaro shi sai ya ƙara girma.